Nesa da Tebur

A kulob ɗin ƙwallon tebur da Salmanu Mukhtari yake aiki a Riyadh, ran Lahadi ɗan Sin ne shi. Ran Litinin yakan zama Bajamushe, ran Talata ɗan Koriya, sauran ranakun kuma duk wanda yaran kulob za su haɗu da shi a gasa ta gaba. Aikinsa ke nan, kuma yana rubuce a igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da wani dogon suna na Larabci wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce abokin atisaye. Koci zai nuna masa bidiyon wani ɗan wasa, ya kalla sau biyu ko uku yana tsuke baki, ya ɗauki bat ya matso jikin tebur, sai ga mutumin nan ya fito sak: yadda yake sabis, yadda yake karkata kafaɗa, har da ɗan buga ƙafar da yake yi idan ya ci maki. Yara su yi ta dukan ƙwai, wato 'yar ƙwallon, shi kuma ya yi ta mayar musu daidai inda hannunsu yake so, har duka ya zauna musu. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Larabawan suna kiransa Kabtin, kamar yadda suke kiran duk wanda ya haura arba'in bai daina sa gajeren wando ba.

A Sabon Garin Zariya ya koyi wasan, a kan wata tsohuwar ƙofa da aka ɗora bisa duro biyu, ragar kuma sanda ce a kan gwangwanayen madara. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka sa masa riga kore da fari aka hau da shi jirgi zuwa Alƙahira, kuma tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya buga a Tunis, ya buga a Legas, ya yi sanyin Beljiyam, ya yi wasu ƙananan kulob a Fotugal inda ake biyan ɗan wasa da tafi da kifi. Ya samo lambobin yabo uku na Afirka, biyu tagulla ɗaya azurfa, waɗanda matarsa Kaltume take adanawa a gwangwanin da take zuba allura da zare, don nan ne kaɗai wurin da ba a taɓawa a gidan.

A gaban idonsa masu wasan na duniya suka ƙara wa ƙwai girma. Suka rage lissafi daga ashirin da ɗaya zuwa sha ɗaya. Suka hana ɓoye sabis da kafaɗa, suka haramta gam ɗin nan da ake shafa wa roba ana shaƙa har kai ya yi juwa, daga baya ma suka canza abin da ake yin ƙwan da shi. Kowane canji sai ya kwashe wasu daga cikin tsararsa, su koma gida su yi tumbi su buɗe shagon kayan gyaran mota. Shi dai yana nan. Yana da shekara arba'in da tara, amma duk hutun shekara, maimakon ya kai iyali gida kamar mai hankali, sai ya je wata gasa a Afirka ya tsinto 'yan makin da za su riƙe sunansa a jerin 'yan wasan duniya, can ƙasa, inda ba mai leƙawa sai mai neman sunan kansa.

Waɗannan 'yan makin ne suka jawo masa rigima. Aka kawo babbar gasa ta ƙasa da ƙasa Riyadh, sunansa ya shiga zagayen share fage a matsayin ɗan Najeriya, ba tikitin jirgi ba otal, motar haya kawai zai hau. Ya ci wasansa na farko ba tare da kowa ya lura ba. Wasa na biyu shi ne ƙofar shiga babbar gasar, kuma da aka fitar da sunaye sai ga shi zai kara da Najib.

Najib shi ne tauraron kulob ɗin. Shekararsa ashirin da biyu, dogo, mai dukan dama kamar ana rufe ƙofa da fushi. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kawo shi gaban Salmanu, bat ɗin ma ya fi tafin hannunsa girma. Kuma ɗan ƙanwar Abu Kamil ne, shugaban kulob, mutumin da sa hannunsa ke sabunta igamar Salmanu duk shekara, da ta Kaltume, da ta 'yarsu Hajar.

Da yammacin ranar Abu Kamil ya kira shi ofis. Mutumin kirki ne irin kirkin masu iko, wato bai taɓa bukatar ɗaga murya ba. Da kansa ya ɗauki butar gahawa ya tsiyaya masa ɗan kaɗan a gindin kofi. Salmanu ya daɗe a ƙasar har ya san karatun kofin nan: ɗan kaɗan girmamawa ce, ma'anarsa zauna mu yi ta ƙarawa, idan kuwa aka cika maka shi fal, to an ce sha ka kama gabanka. Abu Kamil ya tambayi lafiyar Ummu Hajar, ya tambayi karatun Hajar, ya ce Kabtin uba ne ga Najib, kowa ya shaida. Ya ce idan yaron ya shiga babbar gasar nan, masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ba su da sauran uzurin ƙin ɗaukar sa. Sannan ya dubi rufin ɗaki kamar wanda abu ya faɗo wa a rai, ya ce ashe ma igamar Kabtin ƙarshen wata mai zuwa za ta ƙare, subhanallahi, lokaci ba ya jira.

Bai ce ka faɗi ba. Irin su Abu Kamil ba sa cewa. Sukan dai ajiye magana biyu kusa da juna su bar ka ka ɗaure su da kanka.

Ghali ne ya mayar da shi gida unguwar Al-Oud. Direba ne, ɗan Gusau, yana zaune a unguwar Manfuha su shida a gida ɗaya, kuma shekara da shekaru yana yi wa Salmanu tsiya kan ƙato da furfura yana bin ƙwan da bai kai na zabo nauyi ba. Da ya ji labarin bai yi tsiya ba. Ya tuna masa cewa Hajar tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinyar da Hausarta ke ɗingishi, wadda take kiran tuwo asida, wadda Zariya a wurinta garin hutu ne mai sauro. Ya ce huruji, wato hatimin barin ƙasa, ba wasa ba ne, ya ga mutanen da aka buga wa shi suna sayar da firiji a rabin rana.

"Kai da ka iya kwaikwayon kowa," in ji Ghali, yana kallon titi, "ka kwaikwayi wanda aka cinye mana. Wa zai gane?"

Salmanu ya ce shi zai gane.

Haka ya faɗa wa Kaltume a gida. Ya ce shekara talatin da biyu yana buga wa ƙasa wasa bai taɓa sayar da maki ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ya tsallake cewa ba a taɓa taya shi ba. Kaltume tana dakan yajin dambun naman da take sayar wa mutanen Manfuha, sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bat ɗinsa na kansa, wanda ba ya zuwa da shi kulob. Katakon tun na Beljiyam ne, hannun ya yi baƙi da gumi. Gefe ɗaya jar roba ce mai santsi, ɗaya gefen baƙa mai dogayen ƙuraje irin waɗanda ke lanƙwasawa idan ƙwai ya taɓa su. Da shi yake wasan da ya iya tun asali, wasan tsaro: a tsaya nesa da tebur, a bar abokin karawa ya yi ta duka, a yi ta sare ƙwan daga ƙasa ana mayar masa har ya gaji da ransa. A makonsa na farko a kulob ya taɓa gwada shi, kocin lokacin ya ɗaga hannu ya ce wannan wasan kakanni ne, ba wanda yaran za su haɗu da shi, a ba shi na zamani. Koci uku suka shuɗe bayan wannan, ba wanda ya sake tambaya.

Kocin yanzu wani Bature ne mai yawo da kwamfutar hannu, wanda ba ya barin yaro ya shiga wasa sai ya zaunar da shi ya kalli bidiyon abokin karawarsa har ya san yadda mutumin yake share gumi. A karo na farko tun zuwansa, bai nemo bidiyo ba. Da wani ya yi maganar, dariya ya yi. Ya ce Kabtin fa ake magana, mutumin da Najib yake bugawa da shi safe da yamma, ai ya fi sanin sa a kan teburin kansa.

Da hantsi aka sa wasan, lokacin da manyan 'yan wasa ba su tashi ba. Filin yakan ci dubban mutane, amma waɗanda ke ciki ba su fi cikin bas ɗaya ba: 'yan kulob, Abu Kamil da farar riga a sahun gaba, da Ghali wanda ya kwaso 'yan gidansu biyar ya ce su zo su ga yadda ake korar mutum daga ƙasa da ƙwai. Aka tambayi Salmanu wa zai zauna masa a kujerar koci. Ba shi da koci. Kaltume ta dubi benci na 'yan kallo, ta dubi kujerar mai majingina da katifa, ta tuna da ƙugunta, ta ce ita ce. Ta zauna da abayarta da gorar ruwa da ledar dabino a cinya. Shekara ashirin da shida da aure, ba ta san yadda ake lissafin makin wasan ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi asara ba.

Kafin a fara, 'yan wasa sukan karɓi bat ɗin juna su duba. Najib ya juya na Salmanu, ya shafa ƙurajen da ɗan yatsa, ya yi murmushi ya tambaya da Larabci ko daga gidan tarihi aka aro shi. Salmanu ya ce ya yi wasa da kyau.

Zagaye uku ake nema cikin biyar. Na farko ya wuce kafin Ghali ya gama gyara zama. Salmanu yana jikin tebur yana tarewa, ƙwai yana tafiya ɓangaren daman Najib, ba tsayi ba gajarta, daidai ƙugu, Najib kuma yana rufe ƙofa. Na biyu ma haka. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne da gaske yake yi. Ya yi niyya tun a gida, ya yi addu'a, yana so ya ci. Amma da ya ɗaga ido ya ga fuskar nan a ƙetaren raga, sai hannu ya yi abin da ya saba yi wa fuskar nan tun tana da kumatu. Bat ɗin nasa ne, ƙafafun kuwa ma'aikatan kulob ne, sun zo aiki kan lokaci sun tsaya inda ake biyan su su tsaya. Shi kansa ya kasa rabe ko tsoron Abu Kamil ne ko sabo, kuma ya ga a kan allon maki duk ɗaya ne. A sahun gaba Abu Kamil yana jan carbi cikin natsuwar mutumin da aka fahimta.

Ya zo kujerar koci hutun minti ɗaya. Can ɗaya ɓangaren Baturen yana zana wa Najib abubuwa a tafin hannu. Kaltume ta miƙa masa ruwa.

"Baban Hajar, me kake nema a jikin teburin nan?"

Ya ce wasa ake yi.

"Ni dai ranar da na fara ganin ka a Kaduna, can baya kake tsaye kamar kun yi faɗa da teburin. Har na tambayi yayana ko korar ka aka yi. Wannan na yau ban san shi ba. Kamar mai raba abinci a gidan biki."

"Kin san abin da ke bayan wasan nan, Kaltume."

"Na sani. Jiya kana masallaci na sauko da akwatuna na karkaɗe su." Ta karɓe gorar ta rufe. "Idan huruji ne, Allah Ya sa shi ne alheri. Hajar ta koyi cin tuwo. Amma ba zan je Zariya in ce na zauna a kujerar koci ina kallo kana ba ƙato abinci a baki ba."

Alƙalin wasa ya kira lokaci.

Salmanu ya karɓi sabis ɗin Najib, ya tura shi dogo, sannan ya ja baya. Ya ci gaba da ja har diddigensa ya kusa taɓa shingen talla. Daga can teburin ya koma ɗan ƙarami, yadda ya san shi a Alƙahira da Tunis, kuma Najib ya daina zama yaron da aka kawo masa, ya zama wani dogon mutum mai riga kore da ke son cin sa. Dukan ya zo. Ya durƙusa ya sare shi daga wajen gwiwa da jar robar, ƙwai ya tashi a hankali, ya tsallake raga da kyar, yana juyi da baya kamar an ɗaura masa dutse. Najib ya kai masa dukan da ya saba. Ƙwai ya shige gindin raga.

Najib ya dubi bat ɗinsa. Duk ɗan wasan da ya ga abin da bai gane ba, bat ɗinsa yake fara tuhuma.

Na gaba ya ɗaga hannu sosai don ya ɗauke nauyin. Amma kafin ƙwan ya iso, Salmanu ya riga ya juya bat a cikin tafinsa, ya canza yadda ya taɓa shi, ya aiko da shi fanko, ba juyi ko kaɗan, da irin motsin hannun na ɗazu. Najib ya ɗaga abin da ba shi da nauyi. Ƙwai ya wuce tebur ya wuce Salmanu ya je ya sami wani mai ɗaukar hoto a ƙirji.

Daga nan aka shiga wani wasa dabam. Najib ya yi duka biyar, shida, bakwai, duk suna dawowa, kowanne da irin halinsa, har na ƙarshe ya mutu a raga ko ya tashi sama. Ya duba wajen kocinsa. Baturen ya sunkuya kan kwamfutarsa yana shafa ta da sauri, yana neman bidiyon mutumin da yake gaisawa da shi kowace safiya. Ghali ya miƙe tsaye. Shi da ya zo jana'iza, sai ga shi yana ihu da Hausa a sare shi, tsoho, a sare shi, 'yan gidansu suna amsawa ba tare da sun san me ake sarewa ba. Salmanu ya ɗauki zagaye na uku. Da ya zo kujera Kaltume ta ba shi dabino ɗaya ta ce yanzu ta gane mijinta, ya ci gaba, ba ta da ƙarin bayani.

A na huɗu gwiwarsa ta hagu ta fara kawo ƙara. Wasan tsaro wasan gudu ne, kuma an ƙirƙire shi ne don masu shekara ashirin da biyar. Akwai dokar da ta ce bayan kowane maki shida ana iya zuwa a goge fuska da tawul, dokar da samari ke mantawa da ita. Salmanu bai bar ko ɗaya ta wuce ba. Yakan taka zuwa wurin tawul kamar mai zuwa gaisuwar surukai, ya goge goshi, ya goge wuya, ya goge bayan kunne, ya ninke tawul ɗin da ladabi. Mutanen da ke wucewa zuwa wasu tebura suka fara tsayawa. Wasu 'yan wasan Asiya da suka zo atisaye suka jeru a bakin shinge da jakunkunansu a kafaɗa, suna kallon abin da suka ji labarinsa wurin kocinsu. Ya ɗauki na huɗu ma. Abu Kamil ya daina jan carbi.

Sai dai Najib ba sakarai ba ne, kuma Salmanu ya fi kowa sani, tunda shi ya gina shi. A zagaye na biyar yaron ya daina fushi. Ya fara duka ɗaya mai ƙarfi ya kora tsohon can baya, sannan ya ɗan taɓa na gaba ya sauke shi gab da raga, don a ga ko gwiwar nan za ta iya zuwa ta dawo. Ba wanda ya koya masa wannan, a tsaye ya gano shi. Salmanu ya ji wani abu mai kama da alfahari, ya kuma ji haushin yaron da ya zaɓi yau don ya yi hankali. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Salmanu ya yi gaba, Najib ya kamo shi, suka yi goma da goma, ya sake yin gaba da maki ɗaya saboda wani sara da ya yi yana kusan zaune a ƙasa.

Makin ƙarshe ya yi tsawo. Najib ya kora shi hagu, ya kora shi dama, ya kora shi har shinge, sannan ya sauke ƙwan gab da raga. Amma ƙwan ya tashi fiye da yadda ya so. Salmanu ya taho da gudu, gwiwa tana zagin sa, ya iso jikin tebur, wurin aikinsa. Ga fuskar nan kusa. Ga ɓangaren dama a buɗe yana jira, kuma hannunsa ya riga ya fara tafiya can da kansa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya san wani wuri a jikin Najib, daidai aljihun wando na dama, inda dogon mutum ba ya sanin ko da gaban bat zai ɗauka ko da bayansa. Shekara goma sha ɗaya yana kauce wa wurin nan don kada ya ɓata wa yaro atisaye. Ya karya wuyan hannu ya buga can.

Ƙwai ya daki tebur, ya sami Najib a yatsu, ya gangara ƙarƙashin kujerar alƙali.

Salmanu bai yi ihu ba, numfashin yin sa ma babu. Ya dafa tebur ya tsaya. Ghali ne ya yi ihun mutum shida, har mai gadi ya zo ya roƙe shi ya sauko daga kan benci. Kaltume ta tambayi wani yaron kulob da ke kusa ko an gama, ya ce an gama, ta tambaya wa ya ci, ya nuna mata mijinta fuska a murtuke, ta ce alhamdulillahi ta ɗaure bakin ledar dabino.

Najib ya zagayo. Idonsa ya yi ja, amma ɗan gidan tarbiyya ne, ya kama hannun Salmanu ya sunkuyo ya sumbaci kansa kamar yadda suke yi wa manya. Bai saki hannun ba.

"Kabtin, wallahi ka faɗa mini. Wa ka kwaikwaya yau?"

"Wani tsoho ne ɗan Zariya," in ji Salmanu. "Ba ka san shi ba."

Da ya waiga sahun gaba, kujerar Abu Kamil ba kowa.

Washegari ya shiga babbar gasar, aka kira sunansa da na Najeriya a lasifika, aka haska fuskarsa a babban allo da shekarunsa a ƙasa, jama'a suka yi tafin da ake yi wa abin mamaki. Hajar ta zo, ta ɗauki hoton allon ta tura wa duk ƙawayenta. Wani ɗan Koriya ya haɗu da shi, wanda ya sha kwaikwaya ran Talata, ashe na ainihin ya fi sauri. Ya karɓi zagaye ɗaya a hannunsa, ya fita yana ɗingishi, kuma har ya kai gida murmushi bai bar fuskarsa ba. Akwatunan suna nan a falo inda Kaltume ta jera su.

Sai da mako ya juyo aka ce Abu Kamil yana kira. Salmanu ya sa riga mai kyau, ya shiga, ya yi sallama, ya zauna a bakin kujera. Abu Kamil bai tambayi Ummu Hajar ba. Ya ɗauki buta, ya ɗauki kofi. Salmanu ya buga wasa a gaban dubban mutane a ƙasashen da ba ya jin yarensu, amma bai taɓa kallon wani abu yadda ya kalli bakin butar nan ba. Gahawa ta zubo, ta rufe gindin kofi, ta tsaya.

Sannan faɗa ya biyo baya, a hankali, ba ɗaga murya. Abu Kamil ya ce ƙanwarsa ba ta ɗaga wayarsa. Ya ce Najib ya ƙi cin abinci kwana biyu, a na uku ya zo ya same shi ya ce idan aka taɓa igamar Kabtin shi ma ya bar kulob, don ba zai yarda mutumin ya bar ƙasar nan bai rama ba. Ya ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa sun kira, ba kan Najib ba, suna tambaya ko za a ba su aron tsohon nan wata ɗaya, ya ce musu a'a. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, shekara goma sha ɗaya mutum yana cin shinkafar kabsarsu da wannan abu a aljihu bai taɓa fito da shi ba.

Salmanu ya ce ba a taɓa tambaya ba. An ce ya zama ɗan Sin ya zama, an ce Bajamushe ya zama.

Abu Kamil ya ɗauki buta. Ya ƙara masa gahawa, ɗan kaɗan.

"Ran Alhamis wa kake zama?"

"Duk wanda koci ya ce, ranka ya daɗe."

"Daga yau, ran Alhamis kai ne Salmanu. Halas, magana ta ƙare."

Ya girgiza kofin alamar ya ƙoshi, ya yi godiya ya fito.

Alhamis ta farko sai da aka tsayar da atisaye. Ɗakin an tsara shi ne don masu tsayawa jikin tebur, Salmanu ya ja baya ya ci karo da bango. Baturen da kansa ya kama gefe ɗaya, Najib ya kama ɗaya, aka ja teburin zuwa tsakiyar ɗaki, aka fitar da wasu tebura biyu waje don a samar wa Kabtin wuri. Baturen ya kafa kwamfutarsa a kan kujera tana ɗaukar bidiyo. Najib ya sha kashi, ya ce a sake, ya sake sha, ya ce a sake.

Da ya koma gida Kaltume ta riga ta mayar da akwatuna saman kabad. Ta ɗora ruwan zafi ta kawo tawul, ta zauna tana gasa masa gwiwa yana cije baki. Ta tambaya ko sun ƙara masa wani abu kan sabon aikin. Ya ce a'a. Ta ce to ko sun rage masa sauran ranakun. Ya ce a'a, Lahadi ma ɗan Sin ne. Ta matse tawul ɗin ta ɗora a ɗaya gwiwar, ta ce ba komai, ita dai ran Alhamis ya nemo mata kujerar nan mai majingina.